Godiya bayan rufe baje kolin zane-zanena

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da daddare muka sauke zane na ƙarshe daga bango, baje kolin da na yi kan ƙaura da zaman baƙunta ya ƙare lafiya.

Godiyata ta farko ta waɗanda suka buɗe min akwatunansu ce, suka fito da tsofaffin hotunan fasfo da wasiƙun da ninki ya fara cinyewa, suka ce in je in yi aiki da su. Musamman ke Mama, da kika ba ni aron makullin gidan da kika baro shekaru aru-aru. Kin san an rushe gidan, amma makullin bai taɓa barin jakarki ba. Na zana shi har da tsatsar da ke bakinsa da ɗan igiyar da kika ɗaura masa. Ranar buɗewa na ga kin miƙa hannu kamar za ki ɗauke shi daga jikin zanen, sannan kika janye. Wallahi sai da na fita waje na share hawaye.

Malam, Allah ya saka da alheri. Kai ka fara nuna min aikin Jacob Lawrence, alluna 60 da ya kammala a 1941 kan ƙaurar baƙaƙen fata daga jihohin kudu na Amurka zuwa biranen arewa. Ka ce in lura, launi ɗaya yakan ɗauka ya bi allunan duka da shi kafin ya taɓa wani, don su zama labari guda. Haka na yi da shuɗi, shi ya sa ruwa yake bin kowane zane ko da babu teku a ciki. Dabarar manna hotuna ƙarƙashin fenti kuwa, a aikin Njideka Akunyili Crosby na gan ta, haifaffiyar Enugu da ke zaune a Los Angeles.

Saura kwana biyu a buɗe, rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa babban zanen. Ƙannena da abokan aiki da kuka kwana kuna busar da shi da fanka, kun fitar da ni kunya.

Masu tambayar me ya sa ban ƙarasa fuskoki ba, na ji daɗin tambayar. Da gangan na bar su. Wanda ya daɗe a ƙasar wasu, can ana ce masa baƙo, in ya koma gida nan ma a ce ya canza. Ban ga ina da hurumin yanke masa kama ɗaya ba.

Duk wanda ya taka ƙafa ya zo, Allah ya bar zumunci. Cikin makon nan zan fara mayar da kayan aro hannu da hannu. Mama, da makullinki zan fara.