Tirak 72 da faifan da ba shi da batir

Wata uku ke nan da abin ya faru, amma har yau in na tuna wannan yammacin sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da kaina.

Ina da ɗan sutudiyo a Mabera, ɗaki ɗaya da kejin ɗaukar murya da na haɗa da katako da soso. Yawancin aikina waƙoƙin biki ne da tallan rediyo, tirak (layin sauti da ake naɗa daban-daban) 20 ko 25, laftof ɗina tana jansu ba gardama. Sai ga wani dattijo makaɗin fada ya zo da jama'arsa: masu kotso uku, mai kalangu, da 'yan amshi shida. Katin sautina makirfo takwas yake ɗauka a lokaci ɗaya, don haka rukuni-rukuni muka riƙa shiga. Kowane kotso na ba shi makirfo biyu, amshi kuma na ninka shi sau uku don ya yi kauri. Kafin kwana biyu Cubase, manhajar da nake naɗi da ita, tana nuna mini tirak 72.

Nan sauti ya fara ƙaƙas-ƙaƙas, ya yi tafiya kaɗan ya tsaya. Na ɗora laifin a kan RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta laftof, na je na ƙaro, babu abin da ya sauya. Sai da na danna F12 na duba ma'aunin aiki na ga furosesa ko rabi bai kai ba, layin faifan ajiya ne yake cika ya yi ja.

Lissafin da na yi daga baya ya ba ni mamaki. Tirak ɗaya a ingancin naɗi na 24-bit da 48 kHz kilobayit 144 kawai yake ci a daƙiƙa. Duka 72 ɗin megabayit 10 ne da 'yan kai, abin da ko tsohon faifai ya fi ƙarfinsa in fayil ɗaya yake karantawa a miƙe. Matsalar ita ce faifai mai juyawa hannu ɗaya gare shi, kuma dole ya yi ta tsalle tsakanin fayil 72, kowane tsalle yana cin wajen milisakan 10 ko fiye. Kamar yaron shago ɗaya ne, mutum 72 sun tsaya a kansa, kowa mudu ɗaya yake so amma daga buhu daban. Ga shi faifan laftof ɗin mai juyi 5400 ne a minti, kuma a kansa Windows take, a kansa Cubase take, a kansa nake naɗa.

Maganin a fili yake: a raba aiki, a ba sauti faifansa shi kaɗai. Wannan na gane daidai. Wurin saye ne na kwafsa. Mai shagon ya ajiye mini abu biyu a kan kanta, ƙaramin SSD (faifan da ba ya juyawa) mai gigabayit 500, da babban faifan waje mai terabayit 4 da juyi 7200, irin mai nasa adaftan da ake soka wa a bango. Kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Idona ya tsaya a kan girma. Na ce wa kaina ga wuri ninki takwas, me zan yi da ƙarami? Adaftan nan na riƙe shi a hannuna, na naɗe wayarsa da kaina, amma ban tsaya na tambayi kaina abin da zai faru in aka ɗauke wuta ba. Ni da aka haifa a Sakkwato!

Kuma da farko ya yi aiki, shi ya sa na saki jiki. Ƙaƙas-ƙaƙas ya tafi, tirak 72 suna tafiya sumul.

Ranar ƙarshe muka bar wa muryar Baba, wato dattijon. Sau biyu ya shiga bai ji daɗi ba, ya fito ya sha ruwa, ya zauna shiru. Bayan la'asar ya sake shiga, ya ce a bar masa mai kalangu da 'yan amshi biyu su tsaya kusa da shi. Wannan karon muryar ta buɗe, har tsikar jikina ta tashi. Muna cikin minti na bakwai fanka ta tsaya. Laftof tana da batir, ba ta ko ƙifta ba. Katin sauti daga laftof yake shan wuta, shi ma yana nan, hedifon yana aiki. Baba idonsa a rufe, bai san komai ba, yana ta zuba waƙa. Faifan kaɗai ne ya mutu, ina jin ƙarar juyinsa tana sauka a hankali. Na kasa ɗaga masa hannu ya tsaya. Da ya kai ƙarshe ya cire hedifon yana murmushi, ya ce, "Wagga ita ta, ɗana." Na ce, "Baba, a gafarce ni, ba ta shiga ba."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da aka ta da janareta fayilolin suna nan amma sun ƙi buɗewa, domin fayil ɗin sauti irin na WAV sai an tsayar da naɗi ake kammala rubuta bayanin tsawonsa a kansa. Na kwana ina jawo su a manhajar Audacity a matsayin ɗanyen sauti. Na samo kalangu da amshi kusan minti shida, muryar Baba kuwa ta dawo a guntule, da rami a tsakiya, ba ta haɗuwa.

Yanzu SSD biyu nake aiki da su. Na ciki yana ɗauke da Windows da Cubase da kayan kiɗa. Na waje, wanda yake shan wuta daga laftof ta ramin USB 3.0 mai shuɗin ciki, shi kaɗai ne na naɗi, kuma ba na haɗa shi da katin sauti a kan mahaɗa ɗaya. SSD ba shi da hannun da zai yi tsalle, na gwada fiye da tirak 100 ma'aunin bai ko motsa ba. Na kuma shiga saitin wuta na Windows na hana ta kwantar da faifai da ramukan USB. Duk wanda ya zo neman shawara, kafin ya faɗa mini girman faifansa nake tambayarsa daga ina yake shan wuta. In daga bango ne, to ko dai ya bi ta inbata, ko kada ya kuskura ya naɗi muryar mutum a kansa.

Babban faifan yana nan a ƙarƙashin tebur, ajiya kawai yake yi, da dare nake kwafe aikin yini a kansa. Baba ya dawo bayan kwana huɗu muka sake ɗauka, ita ce ta fita, mutane kuma suna yabawa. Guntayen ta ranar nan ban goge su ba. Wani lokaci in na rufe sutudiyo nakan kunna su in saurara har zuwa inda muryar ta yanke.