Dalar abinci, autanmu mai ɗaga ƙarfe, da teɓata

Wata uku da suka wuce na je asibiti gwajin jini, ba wai wani ciwo nake ji ba, Hajiyarmu ce ta matsa min lamba wai hakin da nake in na hau bene bai mata ba. Ina zaune a benci ina jiran a kira ni sai idona ya faɗa kan wata tsohuwar fasta a bango, rana duk ta cinye kalarta, an zana dala hawa-hawa, can ƙasa burodi da shinkafa da taliya sun cika wuri, samansu ganye da kayan marmari, sai nama da kifi da ƙwai da madara, can ƙololuwa ɗan tsito mai da kayan zaƙi. Mu dai a Kano in ka ce dala, ko dutsen Dala ko dalar gyaɗa da muke gani a hoto, toh wannan dalar abinci ce, kuma ma'anarta a fili take: abin da ke ƙasa ci da yawa, abin da ke sama ɗanɗana kawai.

Sakamako ya fito, suga na yana bakin layi. Likita ya ce Malam ka rage shinkafa, ka rage burodi, lemon kwalba kuwa ku yi sallama. Na ce likita amma ga fastarku can a waje tana cewa shinkafa da burodi su ne tushe. Dariya ya yi ya ce wannan fastar ta riga shi zuwa asibitin.

Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na dinga karance-karance a kai, kuma abin da ya ƙara tunzura ni autanmu ne. Yaron nan shekara biyu kenan yana ɗaga ƙarfe, ranar Asabar da Lahadi kuma yana buga ƙwallo a filin unguwa, kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa tuwo abokin gaba ne. Rannan muna teburin mai shayi da daddare ya ce a soya masa ƙwai shida, babu burodi, shayi babu suga. Ni kuwa indomi biyu da ƙwai ɗaya da burodi rabi da shayi mai kauri, irin wanda cokali zai iya tsayawa a ciki. Ya kalli farantina ya ce, "Yaya wallahi sitaci ne zai kashe ka." Na ce kai kuma ƙwai ne zai talauta ka. Sai daga baya na gane mu biyun nan kamar mun yi musayar faranti ne, shi da ke ƙona ƙarfi yana gudun abincin ba da ƙarfi, ni da nake wuni a kujera gaban kwamfuta ina loda shi kamar zan je noma.

Dalar nan asalinta ba ma daga Amurka ba ce kamar yadda na ɗauka. A Suwidin aka fara zana ta a 1974, wata mata Anna-Britt Agnsäter da ke aiki da ƙungiyar shagunan haɗin gwiwa ta ƙasar, lokacin abinci ya yi tsada ana neman hanyar nuna wa mutane abin da za su ci mai araha kuma ya riƙe jiki. Wato tun daga tushe maganar aljihu na ciki. Wadda ta karaɗe duniya kuwa ita ce ta ma'aikatar noma ta Amurka ta 1992, ita ce ta ce hatsi da burodi da shinkafa kaso 6 zuwa 11 a rana, ganye 3 zuwa 5, 'ya'yan itace 2 zuwa 4, madara 2 zuwa 3, nama da wake da ƙwai 2 zuwa 3. Tun 1991 ma aka shirya sakinta sai masu sana'ar nama da madara suka yi ƙorafi, aka janye ta aka jinkirta shekara guda. Ka ga ma'aikatar da aikinta shi ne ta ga manomi ya sayar da amfaninsa ita ce kuma ke gaya maka me za ka ci, ai dole a samu jan-in-ja.

Inda ni na ga an cuce mu shi ne kalmar kaso ɗin nan. Kaso ɗaya a lissafinsu yankan burodi ɗaya ne, ko rabin kofi na dafaffiyar shinkafa. Rabin kofi fa! Je ka gidan mai abinci ka ce a zuba maka shinkafa da miya faranti ɗaya ka ƙirga rabin kofi nawa ke ciki, a ƙiyasina ba za ta gaza huɗu ko biyar ba, in ka ce a ƙara maka taliya a gefe shikenan ka kusa cinye rabon wuni guda a zama ɗaya. Kuma wancan 11 ɗin ba na kowa ba ne, na matashi ne ko namiji mai aikin ƙarfi da ke bukatar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 2,800 a rana, shi kuwa 6 na mai bukatar wajen 1,600 ne. Wannan bayanin yana cikin ƙananan rubutu, fastar bango ba ta ɗauko shi ba, ita hoto kawai ta nuna maka ƙasa mai faɗi, kai kuma ka fassara shi yadda cikinka ke so.

Sannan ta haɗa farar shinkafa da gero a aji ɗaya, farin burodi da dawa duk ɗaya, ta kuma tattara mai gaba ɗaya ta jefa sama kamar man gyaɗa da kitsen rago abu guda ne. Wannan ne sukar da su Walter Willett na jami'ar Harvard suka daɗe suna yi mata, har suka zana tasu dalar. Su kansu Amurkawan sun canza ta a 2005, suka sa wani ɗan mutum yana hawa matakala a gefe don a tuna da motsa jiki, a 2011 kuma suka watsar da dala suka koma hoton faranti, rabi ganye da kayan marmari, Michelle Obama ce ma ta ƙaddamar. A farkon 2026 sai ga shi sun dawo da dala amma a kife, nama da madara da ganye a sama wurin faɗin, hatsi ya koma tsinin ƙasa. Ita kuwa fastar asibitinmu tana nan tana kallon ikon Allah. Najeriya ma tana da nata jagoran cin abinci tun 2001, shi ma dala ce, hatsi da doya da rogo a ƙasa, amma gaskiya ban taɓa jin wani a majalisarmu ya ambace shi ba.

Toh mu dawo kan auta. Shi hujjarsa abinci mai gina jiki, furotin, kuma ba laifi yana da gaskiya rabi. Mutum irina abin da aka ƙayyade shi ne giram 0.8 a kowane kilo na nauyin jiki, mai kilo 70 kenan giram 56 a rana. Ɗan wasa kuwa masana abincin 'yan wasa suna ba shi giram 1.2 zuwa 2.0 a kowane kilo, wato auta mai kilo 70 zai iya bukatar 84 har zuwa 140. Ƙwai ɗaya giram 6 ne ko ɗan sama, shidan nan da yake ji da su 36 ne kawai, kuma da kuɗinsu zai sayi wake da yawa, busasshen wake giram 100 yana da furotin sama da 20, gyaɗa wajen 25, waken suya da ake awara da shi ya haura 30. Ga ƙuli-ƙuli, ga kindirmo, ga busasshen kifi. Amma a wurin 'yan jim, wato masu zuwa gidan ɗaga ƙarfe, in abu bai zo a babban gwangwani da hoton ƙato a jiki ba toh ba furotin ba ne, ƙosai kuwa raini ne.

Ɗaya rabin da bai gane ba shi ne tsoka ba da furotin take gudu ba. Jiki yana ajiye sitaci a tsoka da hanta, wajen giram 400 zuwa 500, shi ne tankin da ake ja in ana gudu ko ana buga ƙwallo, kuma minti 90 na wasa mai zafi ya isa ya kusa ƙarar da shi. Shi ya sa ake cewa mai atisaye awa ɗaya a rana ya ci sitaci giram 5 zuwa 7 a kowane kilo, mai awa ɗaya zuwa uku 6 zuwa 10. Lissafa wa mai kilo 70, giram 350 ne mafi ƙaranci, wannan ba abin da za ka samu a latas da kokwamba ba ne. Na je kallon wasansu wata Lahadi, zagayen farko yaro kamar barewa, ana dawowa daga hutun rabin lokaci ya fara dafa gwiwa, minti ashirin ya ɗaga hannu a canza shi. Ya ce zafi ne. Zafin ai kowa a filin yana sha.

Na ba shi labarin 'yan gudun Kenya, waɗanda duniya ta sallama musu a gudun dogon zango. Abincinsu ugali ne, kuma ugali tuwon masara ne ba wani abu ba, da ganye da wake da shayi mai madara da suga. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan manyan 'yan gudunsu ya samu kusan kashi 76 cikin 100 na ƙarfin da suke samu daga sitaci ne. Eliud Kipchoge da ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 2019, a sansaninsu na Kaptagat irin wannan cimar ake ci. Masu tseren keke na Faransa kuwa a ranar hawan dutse suna ƙona kalori 6,000 zuwa sama, har a kan keken suna ci suna sha, in ka ba su ma'aunin 2,000 da ake bugawa a bayan ledar biskit ai ko rabin hanya ba za su kai ba. Wato in ka duba da kyau siffar tsohuwar dalar, mai faɗin hatsi a ƙasa, ta fi kama da farantin ɗan gudu fiye da nawa, adadin ne dai ya masa kaɗan. Ni ne aka yi ta domina wai, kuma ni ta fi cutarwa.

Gishiri ma haka. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokali guda kenan, mu kuwa tsakanin ɗunkulen miya da yajin tsire da ɗan ƙullin da ke cikin indomi mun wuce nan tun kafin la'asar, ga hawan jini ya cika gari. Amma yaron da ke buga ƙwallo a watan Afrilu ana zafin digiri 40, yana zubar da gumi lita ɗaya ko biyu a awa, rigarsa in ta bushe har farin gishiri kake gani a jiki, ba za ka ba shi dokar da za ka ba ni ba. Suga ma, lemon kwalba mai rabin lita yana da sama da giram 50, wajen ƙaramin cokali 13, a jikin auta bayan wasa zai shige tanki, a jikina bayan shinkafar rana teɓa zai nufa kai tsaye.

Kuma in maganar 'yan wasa ake, ni a ganina manyan 'yan wasan garin nan ba sa sa riga mai lamba. Je ka Dawanau ka tsaya ka ga masu dako suna sauke tirela, buhu mai kilo 100 a wuya, a hau katako a sauko, tun safe har yamma, ko masu tura kurar ruwa, ko mai noma da fartanya a damina. Ka duba me suke ci: ɗumamen tuwo da safe, ɗanwake ko garau-garau da mai da yaji, fura da nono da rana, rogo da ƙuli. Hatsi a ƙasa, wake a kai, mai kaɗan, dala ce sak ba tare da sun taɓa ganin fasta ba, kuma da wuya ka ga mai teɓa a cikinsu. Abin da suke rasawa saman dalar ne, nama da ƙwai da kayan marmari, wannan kuwa ba rashin sani ba ne, kuɗi ne. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da hukumar lafiya ta duniya ke so kowa ya ci a rana, in ba lokacin mangwaro ko kankana ba wa ke kaiwa? Sai dai a gode wa zogale da rama da kuka. Matsalarmu mu 'yan ofis ita ce mun gaji farantin kakanninmu amma ba mu gaji gonarsu ba, malmala uku ake zuba mana har yau, kuma in ka bar ɗaya a ce ko ba ka da lafiya, sannan ma mun canza gero da dawa da farar shinkafa da fulawa.

Yanzu dai ni malmala ɗaya nake ci da miya mai yawa, da safe kunun gyaɗa ko koko babu suga da ƙosai, in na dawo daga aiki in taka daga gida zuwa bakin titi in dawo, minti arba'in. Kilo uku na rage, wata mai zuwa zan koma gwaji. Lemon kwalba ne har yanzu muke 'yar ɓuya da shi a wurin biki.

Auta kuwa bai ce na yi gaskiya ba, kuma ba zai taɓa faɗa ba. Sai dai daren Asabar ɗin da ta wuce na shiga ɗakin Hajiya na tarar da shi a ƙasa ya tasa kwanon tuwon dawa da miyar kuka a gaba, malmalata biyu da na daina ci suna cikin kwanonsa. Ya ɗago ya ce, "Yaya gobe muna da wasa ne." Hajiya ta ce a bar mata yaro ya ci abinci.