Jakar da nake yawo da ita saboda Mama

Tun ranar da Mama ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, akwai wata jaka mai zif da ba na rabuwa da ita. A cikinta akwai hoton ƙashi, takardar sallama daga asibiti, katin fansho, da ɗan littafin da na jera sunayen magungunanta bakwai da lokacin shan kowanne. Duk ƙofar da muka shiga sai na zuge jakar nan, na ɗauko labari tun daga tushe. Likitan ƙashi bai san me likitan zuciya ya rubuta ba. Mai gashin ƙashi da ke koya mata takawa bai taɓa ganin matakalar gidanmu ba. Ofishin fansho kuma suka ce sai ta zo da kanta a tantance ta, a lokacin da ko tashi zaune sai an tallafe ta.

Ba wanda ya wulaƙanta mu, gaskiya. Kowa ya yi aikinsa, wasu ma da fara'a. Sai dai kowa da gaɓar da ya sani a jikin Mama, ba mai kallonta a dunƙule.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne gaban wata mai haɗa magani. Ta karɓi littafin, ta bi shi da yatsa layi bayan layi, sai ta tsaya. Ta tambayi Mama ko tana jin jiri idan ta miƙe da sassafe. Mama ta ce, "'Yar nan, ai na ɗauka tsufa ne." Ashe biyu daga cikin magungunan duka suna saukar da jini, kuma likitoci biyu ne suka rubuta su, kowa bai san da na ɗan'uwansa ba. Ta ce mu koma wurinsu da littafin kafin a sauya komai. Ranar da ƙyar na yi barci, ina ta tunanin ko wannan jirin ne ya kayar da ita.

Ba mu kaɗai ke riƙe da irin wannan jaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, a 2030 za su kai biliyan 1.4, wato mutum ɗaya cikin shida, a 2050 kuma biliyan 2.1. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya, ta kira gwamnatoci, ƙungiyoyin sa-kai, kamfanoni, jami'o'i da kafafen yaɗa labarai su haɗa hannu. Kiran ya yi daidai, domin faɗuwar tsohuwa a banɗaki ta shafi likita, ta shafi magini, ta shafi mai motar da zai kai ta asibiti da ofishin da ke biyan haƙƙinta.

Ni dai yarjejeniyar da manya ke sa wa hannu gaban 'yan jarida ba ta cika burge ni ba. Abin da nake tambaya shi ne: wa zai karɓi jakar daga hannuna?

A Japan, inda masu shekara 65 zuwa sama suka doshi kashi 30 cikin ɗari, an ba wannan tambaya amsa. A 2000 suka kafa inshorar kula da tsofaffi, wadda duk mai shekara 40 zuwa sama ke zuba wa kuɗi. Tsohon da ya raunana ana haɗa shi da jami'i guda, shi ke tsara masa komai: yaushe nas za ta zo, wa zai taya shi wanka, wace rana za a kai shi cibiyar da tsofaffi ke yini ana kula da su. Har sanya ƙarfen dafawa a banɗaki inshorar na taimakawa da shi. Mutum ɗaya, lambar waya ɗaya. Tun 2005 kuma suke horar da jama'ar gari, har da ma'aikatan banki da masu shaguna, su gane alamun cutar mantuwa. Waɗanda suka samu horon sun haura miliyan 10. Ka ga ma'aikacin banki da ya lura wani dattijo ya zo cirar kuɗi sau uku a wuni ɗaya ya san wa zai kira.

A Faransa kamfanin gidan waya, La Poste, ya fito da wani tsari na biyan kuɗi a 2017: mai raba wasiƙu ya leƙa tsoho, su gaisa, sannan a aika wa 'ya'yansa saƙo kan yadda ya same shi. Akwai masu sukar abin, suna cewa an mayar da gaisuwa haja. Na fahimce su, don ni ma ba na son a ce sai mai kuɗi ne za a leƙa wa uwa. Amma dabarar ta kama ni: mutumin da dama kullum yake bi ta ƙofar gidan, shi aka sa ya ƙwanƙwasa.

Mama yanzu tana takawa da sanda. Ƙarfen dafawar ni na nemo mai walda ya kafa, bayan mai gashin ƙashin ya zana mini tsayinsa a bayan takarda. Jibi za mu koma wurin likitan zuciya, kuma na riga na kwafe jerin magungunan gida uku, don kowane likita ya ajiye ɗaya a fayil ɗinta.