Had: Wane Aiki Ne Ya Riga Wani?

Cikin darussan nahawun Turanci, babu wanda nake jin daɗin koyarwa kamar past perfect. Gininsa ba wuya: had, sai siga ta uku ta aikatau, irin su gone, eaten, written. Had ba ta canzawa, ko mutum ɗaya ake nufi ko jama'a.

Aikinta nuna abin da ya riga wani faruwa a can baya. Dubi "When I arrived, the train left." Ka iso, sannan jirgi ya tashi, wataƙila ma da kai a ciki. To "When I arrived, the train had left" fa? Ka makara ke nan, ka tarar da tasha wayam.

Abin da ke damuna a rubutun ɗalibaina, da zarar sun koye ta sai su yi ta watsa had a kowace jimla, wai ai abin ya daɗe da faruwa. Daɗewa ba hujja ba ce. In ka rubuta "The war had ended in 1945" ka yi shiru, mai karatu zai tsaya jira: kafin me? In babu lamari na biyu da ake auna shi da shi, ended kaɗai ta wadatar.