Shekarar da na yi a Iowa, da yadda Zariya ta karɓe ni

Ba a yi guɗa a gidanmu ba ranar da sunana ya fito. Ina gab da gama aji ɗaya na babbar sakandare a Zariya, a 2009, lokacin da na haye jarrabawa da intabiyu na shirin YES, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, bisa ƙudurin sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. A lokacin ana ɗaukar 'yan sakandare daga ƙasashen da Musulmi ke da yawa, a ba kowa gidan da zai zauna na shekarar karatu ɗaya, gwamnatin Amurka ta biya komai. Mu na Najeriya ƙungiyar IRIS da ke garin Ames a jihar Iowa ce ke kula da mu.

Kawuna ne ya fi kowa ƙin abin. A zaure ya ce wa Baba, "Yaya, Bature ba ya kyauta a banza. Yaro za su ɗauka, su dawo maka da wani daban." Baba bai ce masa komai ba. Ya je ya yi shawara da malaminmu na Islamiyya, ya sa aka karanta masa takardun har sau biyu, ya tabbatar bizar da za a ba ni, J-1, ta wajabta mini dawowa gida. Daren da zan tafi ya kira ni ɗakinsa. Na zaci doguwar nasiha ce, sai ya ce, "Salla dai. Kuma gidan mutane za ka, ka ci abin da aka ba ka in ya halatta, ka yi godiya."

A watan Agusta muka sauka. Garin da aka kai ni ƙarami ne, ko wani ƙauyen Giwa ya fi shi jama'a, kuma duk inda ka juya masara ce har iyakar ganinka. Iowa ta fi kowace jiha noman masara da kiwon alade. Mutanenta wajen miliyan 3 ne, aladunta sun ninka su sau da yawa. Wannan na biyun ya zame mini aiki, domin ba a faranti kaɗai alade yake ba. Yana cikin tsiran nan da ake yankawa a kan fiza, yana iya ɓuya a cikin alawa mai danƙo da wake na gwangwani. Uwar masaukina ce ta koya mini karanta bayan kwali a kanti, har ta zo ta fi ni tsanani. Ita da mijinta sun ce in kira su da sunayensu. Bakina ya ƙi. Haka na yi ta kewaye-kewaye har ta gane, ta ce in ce mata Mama in na fi jin daɗin haka.

Abubuwan da suka wahalar da ni a farko ƙanana ne, irin waɗanda ba a rubuta su a takardar shiri. Babu buta a banɗaki. Kunya ta hana ni tambaya, na riƙa ɓoye gorar ruwa a bayan shadda, Mama kuma in ta zo shara ta jefar da ita a kwandon robobi. Da ƙyar na buɗe baki na yi mata bayani. Washegari na tarar da 'yar butar ban-ruwan fulawa, koriya, a wurin, kuma ba mu sake maganar ba. Ga kare a cikin gida, yana hawa kujera, yana kwana a falo. Na san a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma sanin littafi daban, abin da zuciya ta saba daban. Muka yi yarjejeniya ba ya shiga ɗakina. Alƙibla ma sai da na yi gardama da kaina: ni da na taso ina fuskantar gabas, aka ce a nan arewa maso gabas zan kalla.

Ban gama sanin hanyar makaranta ba azumi ya kama, 22 ga Agusta. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8, su kuwa ƙarfe 6 sun gama cin abincin dare. Kwanakin farko ni kaɗai nake buɗe baki a kicin, da madara da burodi, ina tuna kunun tsamiya da ƙosan Umma. Daga baya maigidan ya ce a mayar da abincin dare zuwa faɗuwar rana, tunda ba dokar ƙasa ba ce ƙarfe 6. Ranar Salla ya tuƙa ni tafiya mai nisa zuwa Cedar Rapids, ya zauna a mota yana karanta jarida har muka idar. A garin ne akwai wani ɗan masallaci fari da Larabawan Sham suka gina a 1934, wanda ake kira uwar masallatan Amurka. Ban taɓa zaton Musulunci ya daɗe haka a tsakiyar gonakin masara ba.

Makaranta ba wuya ta yi mini ba. Lissafinsu na ajinmu na riga na wuce shi a gida. Abin da ya rikita ni shi ne malami ke zaune a ajinsa, ɗalibai ke yawo, ƙararrawa na bugawa kowa ya ruga, ni kuma ina tsaye ina kokawa da makullin loka. Sai kuma maganar ido. Wata malama ta tsayar da ni bayan darasi ta tambaye ni ko akwai abin da nake ɓoyewa, domin duk lokacin da take mini magana ƙasa nake kallo. Na ce mata a wurinmu ladabi ke nan. Ta ce a nan kuma wanda bai kalle ka ba ana zaton bai gaskata abin da yake faɗa ba. Na koyi ɗaga kai, na koyi cewa malami ban yarda ba in kawo dalilina, har a ba ni maki a kan haka. Ban san bashi nake ci wanda zan biya a Zariya ba.

A makon ilimin ƙasa da ƙasa na watan Nuwamba ana son kowannenmu ya yi jawabi a kan ƙasarsa. Na sa kaftani da hula na zaga azuzuwa da coci-coci. Tambayar zaki da giwa ba ta dame ni ba, dariya take ba ni. Masu wuyar su ne waɗanda ban taɓa yi wa kaina ba. Me ya sa mata ke sa hijabi? Me ya sa Babanka ke da mata biyu, kuma Ummanka ta yarda? Me ya haddasa faɗan Jos? Shekara 16 ina cikin abu, ban taɓa tsayawa na bayyana shi ga wanda bai san komai ba. A can na fara karanta tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Sarauniya Amina da gaske, a laburaren wani ƙauye a Amurka, don kada a kunyata ni.

Ranar Arfa ta wannan shekarar ta faɗo daidai da bikinsu na godiya, Alhamis 26 ga Nuwamba. Dangi sun cika gida, an gasa talotalo, ni kuma ina azumi. Allah ya taimake ni rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5 a lokacin. Kakar gidan, tsohuwa mai tafiya da sanda, ta hana a taɓa cinya ɗaya, ta ce ta yaron nan ce. Washegari Babbar Salla, babu rago, babu hawan sarki, su kuma sun fita tun asuba rububin sayayya a kantuna. Na sayi katin waya na kira gida. Tsakaninmu awa 7 ne, suna ta suya, Umma na cewa a miƙa wa wannan, a miƙa wa wancan, har kuɗin ya ƙare ban yi magana da ita sosai ba. Ranar na yi kuka.

Sanyi kuwa, gani ya kori ji. A farkon Disamba aka yi guguwar dusar ƙanƙara da ta rufe makarantu da hanyoyi. Na fita da jiƙaƙƙen gashi ya daskare a kaina.

Sai ranar Kirsimeti ta zo da abin da ya fi sanyin. Wani matashi, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Ɗan Najeriya, Musulmi, ɗan gidan manya daga Funtuwa, wadda tsakaninta da Zariya ba nisa. Ina zaune a falo hotonsa ya fito a talabijin, sunan ƙasata a ƙasan allo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigidan ya kashe talabijin, ya ce in zo in taya shi kwashe ƙanƙara a ƙofar gareji. Muna cikin aikin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi ma akwai Amurkawan da ba ya so a tambaye shi a kansu. Da aka koma makaranta a Janairu wani yaro ya ce a caje jakata, 'yan aji suka yi dariya. Malamin tarihi ya ba ni fili. Na gaya musu abin da yawancinsu ba su ji ba: mahaifin yaron da kansa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun watan Nuwamba ya kai ƙarar ɗansa. Ajin ya yi tsit. Ban ce na canza ra'ayin kowa ba, amma wanda ya yi ba'ar bai sake ba, kuma da bazara tare muka buga ƙwallo.

An shirya mu sosai kafin tafiya. Dawowa ma an yi mana bita, amma wa ke sauraron bita alhali gida za shi? A watan Yuni 2010 muka dawo, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu. 'Yar'Aduwa ya rasu tun 5 ga Mayu, a intanet na gani. Satin farko gata ne: dambu, tuwon shinkafa, 'yan uwa na ta zuwa sannu da hanya. Tsaraba ba ta isa ba, ba kuma za ta taɓa isa ba, domin jaka biyu aka yarda mini, su kuma suna ganin wanda ya je Amurka kuɗi ya kwaso.

Bayan nan aka fara ganin abin da Kawu ya faɗa. Yana mini magana a zaure na tsaya ƙiƙam ina kallonsa, har na ce masa a ganina ba haka ba ne. Ya juya wajen Baba ya ce, "Ka gani ko?" Na kwashe kwanuka zan yi wanke-wanke, Gwaggo ta ce da ƙannena mata a gida me ya kai ni, ko a can bauta aka sa ni? Umma ta ce na cika godiya, ko ruwa ta miƙo mini sai na ce na gode, sai ka ce baƙo. A makaranta na ɗaga hannu na gyara wa wani malami kwanan wata, na sha bulala, kuma daga ranar sunana ya koma Ɗan Amurka. Abokaina sun shiga aji uku suna shirin WAEC, ni kuwa shekarar da na yi ba ta bi manhajarsu ba. Baba ya ce in koma aji na biyu. Na ji haushi a lokacin, amma shi ya yi daidai.

A majalisa aka mayar da ni lauyan Amurka, kamar yadda a can aka mayar da ni lauyan Najeriya. Me ya sa suke kashe Musulmi a Iraƙi da Afganistan? Da gaske ne tsirara suke yawo? Wani kuma ya ja ni gefe ya ce wace irin wauta ta sa na dawo. In na ba da labarin butar nan ko cinyar talotalo, a ce an wanke mini ƙwaƙwalwa. In na ce akwai talakawa a can, akwai tsofaffin da 'ya'yansu ba sa leƙa su, a ce ina ɓoye daɗin ne don kada a bi ni. Sai da na daɗe kafin na daina karɓar shari'ar. Ni gida ɗaya na sani da ƙauye ɗaya, ban san Washington ba sai wucewa, kuma haka nake faɗa yanzu. Labarin ma na koyi ba da shi kaɗan-kaɗan, sai wanda ya tambaya, domin yawancin masu cewa "yaya Amurka?" gaisuwa kawai suke yi.

Ido kuma na koyi inda ake ɗaga shi. Gaban Kawu na koma durƙusawa, in ina da magana in bi ta wajen Baba ko in jira ya huce. A jami'a da wurin aiki ɗaga kan ya yi mini rana.

A can an wajabta mana aikin sa kai, na kuma saba da shi, don haka da damina ta yi ƙarfi na tara wasu yara muka fara yashe lambatun layinmu. Tambayar farko da aka yi mana ita ce wa ke biyan mu, wani har ya rantse daloli aka turo mini. Baba ya ce ba haka ake yi ba, a unguwa ba ka fara abu ba ka gaida mai ita ba. Ya kai ni wajen Mai Unguwa na durƙusa na yi bayani, liman ya sanar bayan sallar Magariba cewa akwai gayya ranar Asabar. Mutane suka fito da shebur da baro, Kawu ya aiko da kuɗin ƙosai, muka yashe har bakin titi.