Godiya Bayan Dawowarmu Daga Dutsen Antoniyos

Jama'a, mun iso gida lafiya tun ranar Talata, Baba kuma yana nan garau, har ya koma faɗa da jikoki a kan rediyonsa. Na ga saƙonninku da kiran da ban samu ɗauka ba, ku yi mini aikin gafara. Labarin ya riga mu isowa, kuma ya ƙara kitse a hanya, don har wata gwaggonmu ta kira tana kuka wai an ce Baba ya faɗo daga kan dutse. Bai faɗo ba. Ga yadda aka yi.

Aikin ido ne ya kai mu Alƙahira. Da likita ya sallame mu, saura kwana biyar mu taso, sai Baba ya ce tunda Ubangiji ya buɗe masa ido, akwai wurin da yake so ya fara kashe kwarkwatarsa: gidan 'yan zuhudu na Waliyyi Antoniyos, can cikin hamada ta wajen Bahar Maliya. Wanda ya san Baba ya san wannan ba sabon zance ba ne. Shekara da shekaru yana koyar da tarihin ikilisiya, mu kuwa tun muna ƙanana mun haddace labarin mutumin nan kamar tatsuniya. Bamisire ne, an haife shi wajajen shekara ta 251 a wani ƙauye kusa da Bani Suwaif. Iyayensa suka rasu suka bar masa gonaki, ya shiga coci ya ji ana karanta Matiyu 19:21, ya fito ya rabar da dukiyar ga matalauta, ya nufi daji. Ya rasu a 356 yana da shekara 105. Da wannan lissafin Baba ya rufe mini baki. Na ce, "Baba, tafiyar nan ta yi maka yawa." Ya ce, "Tsoho ɗan ɗari da biyar ya zauna a wurin, ni ɗan saba'in da biyu zan kasa kai ziyara?"

Muka tashi da asuba, muka bi ta Ain Sukhna, teku a hagunmu har Za'afarana, daga nan muka karya yamma muka shiga rairayi da duwatsu. Can a gindin tsaunin Galala sai ga ganuwa doguwa, kawunan dabino suna leƙowa ta samanta. A da, in ji ɗan zuhudun da ya zagaya da mu, da igiya ake jawo baƙo da kayansa sama saboda tsoron mahara. Ya nuna mana idon ruwan da ke fitowa daga cikin dutse, wanda da shi gidan ke rayuwa tun farko. A tsohuwar majami'ar muka tuɓe takalma kamar yadda Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, ke yi. Zanen da ke jikin bangon tun 1232 zuwa 1233 aka yi shi, hayaƙin kyandir da turare ya rufe shi baƙi ƙirin, sai a ƙarshen shekarun 1990 wasu ƙwararru 'yan Italiya suka goge shi. Baba ya daɗe a tsaye yana kallon waliyyan nan a kan dawakansu, sannan ya raɗa mini cewa ashe su ma an cire musu yana.

Da mun tsaya a nan da babu abin da zai sa in yi wannan rubutun. Amma kogon da Antoniyos ya zauna yana can sama, matakala fiye da dubu. Baba ya hau, yana hutawa yana ƙarawa. Bakin kogon tsukukke ne, sai ka karkace za ka shige, cikinsa duhu da sanyi, da ƴan takardun addu'a da mutane suka cusa a tsagar dutse. Ya durƙusa ya yi addu'arsa, ya fito yana share hawaye.

A saukowa ne abin ya faru, kuma laifina ne, ba na kowa ba. Baba ya sha maganin sugarsa da asuba a kan shayi da ɗan guntun burodi, ni kuma na bar jakar abinci a mota don kada ta yi mini nauyi. Mun yi kamar rabi sai na ga yana zufa mai sanyi, hannunsa na rawa, ya kira ni da sunan marigayiya mahaifiyarmu. Kafin in ce wani abu ƙafafunsa sun saki. Ban san sa'ad da na fasa ihu da Hausa ba.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga tafintanmu ce, ɗalibin Azhar ɗan Katsina, wanda ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. Aikinsa ya ƙare tun a asibiti, rakiyar nan ta ganin dama ce. Shi ya tare Baba kafin kansa ya bugi ƙarfe, shi ya yi ta kiran mutane da Larabci, daga baya kuma shi ya goya shi, yana cewa, "Baba riƙe ni da kyau, kada ka ji komai." Ƙanena, abin da ka yi ɗan cikin mutum ne kawai ke yin irinsa. Allah ya ba ka sa'ar karatu, ya mai da kai gaban iyayenka lafiya.

Sai wata dattijuwa Bakibɗiya da ta zo da 'ya'yanta daga Minya. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Kallo ɗaya ta yi wa Baba ta ce "sukkar", ta kwance bakin gyalenta ta fito da dabino, ta jira har ya iya haɗiya sannan ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tana shafa masa ruwa a goshi. 'Ya'yanta samari biyu suka yi karɓa-karɓa da tafintanmu har ƙasa. Ko sallama ta kirki ban yi musu ba, abin yana nan yana cina.

Ina godiya ga 'yan zuhudun gidan. Ɗaya daga cikinsu, wanda kowa ke kira Abuna kamar sauran, ashe likita ne kafin ya sa baƙar riga. Ya auna sugan, ya sa aka kawo shayi mai zaƙi da miyar adas, ya hana mu tafiya sai da ya sake aunawa sau biyu. Ya kuma yi mini faɗa, na karɓa hannu biyu. Direbanmu ma ya jira har dare bai nemi ƙarin ko sisi ba.

A gida kuwa, Yaya babba da ya kwana riƙe da waya, Zumuntar Mata da suka haɗu suka yi addu'a a daren, Baba Fasto, da maƙwabtanmu Musulmi da Kirista da suka yi ta sintiri suna tambaya, Ubangiji ya saka muku, ya bar zumunci.

Za mu yi sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu son zuwa gaishe da Baba, ƙofa a buɗe take daga la'asar, sai dai ku shirya jin labarin kogon nan tun daga farko, don yanzu a bakinsa da ƙafarsa ya sauko. Don Allah kada kowa ya kawo masa lemon kwalba, ko ya roƙa.