Ranar da caravan ta ƙi zama ayari

Aikina fassara labarai ne daga Turanci zuwa Hausa, kuma na daɗe in na ga kalmar caravan sai hannuna ya rubuta ayari tun kafin in gama karanta jimlar. Hoton da muka taso da shi ke nan: raƙuma a jere ɗauke da gishirin Bilma zuwa Agadas, ko fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, madugu a gaba. Asalin kalmar ma ya goyi bayana, don daga Farisanci ta fito, karwan, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16 da wannan ma'anar.

Wata rana aka miƙo mini labarin ambaliya a wani gari na bakin teku a Ingila, inda aka ce ruwa ya lalata caravans masu yawa. Na rubuta cewa ruwa ya auka wa ayari. Wani dattijo da muke aiki tare, wanda ya taɓa zama can, ya ce, "Ɗana, zo ka ga hoton kafin a karanta." Babu raƙumi ko ɗaya. Ɗakuna ne kan taya, da gado da murhu a ciki, ana ɗaura su bayan mota a ja, mutane su je hutu su kwana. Baturen Ingila in ya ce caravan, galibi wannan yake nufi, alhali Ba'amurke trailer zai ce. Na gyara zuwa "ɗakunan kwana masu taya da ake ja da mota". Ya yi tsawo, amma na fi son mai sauraro ya ga abin da ya faru. Tun ranar, sai na duba ƙasar da labari ya fito kafin in taɓa kalmar. A nan ne ma na gano cewa van, motar kaya, guntun caravan ce da aka yanke a ƙarni na 19.

A Oktoban 2018 kalmar ta sake zuwa tebur ɗina, lokacin da dubban mutane daga Honduras, da suka fara tashi daga San Pedro Sula, suka nufi iyakar Amurka, mafi yawa a ƙafa. Wannan karon na rubuta ayari da zuciya ɗaya. Sun haɗu ne don kada 'yan fashi su tare mutum shi kaɗai a hanya, dalilin da ya sa kakanninmu fatake ba sa barin zango sai an taru.